Wilin Da Na Sare

Sun sare tsamiyar bakin garejinmu. Da hantsi na fito da sandata zan je inda na saba zama, sai na tarar rana ta baje a wurin da tun ina saurayi ban taɓa ganin ta sauka ba, ga gungume a kwance, ga wasu samari suna ta faskare suna raha. Wai shaguna za a gina, na masu sayar da waya da caja. Ban ce da kowa uffan ba, don in na buɗe baki a irin wannan lokaci abin da ke fitowa ba ya yi wa kowa daɗi, kuma 'ya'yana sun gaji da zuwa ba da haƙuri a madadina. Na dai zagaya na nemi reshen nan na gabas, na same shi a ƙasa, har yanzu da sawun igiya a jikinsa, inda muka yi shekara da shekaru muna rataye wili. Wili, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙarfen nan da taya ke zama a kansa, wanda ake ɗaure wa mota da noti. A wannan reshe na koyi sana'ata, kuma a ƙarƙashinsa na aikata abin da har yau tsofaffin unguwarmu ke cewa taurin kai ne ya sa ni. To, sun daɗe suna faɗin nasu. Ni ma bari in faɗi nawa tun da sauran numfashi.

A zamanin da nake magana, kwalta ba ta wuce 'yan manyan hanyoyi ba. In ka bar Daura ka nufi ƙauyukan Zango ko na Baure, ko ka yi arewa wajen Kongolam, daga rairayi sai gargada sai kwazazzabo, kuma ba abin da ke shiga sai motocin daji, masu dogayen ƙafafu, masu ja da taya huɗu. A ɗora musu gero, a ɗora gyaɗa, a ɗora kanwa, a ɗaure awaki a gefe, sannan mutane su hau can ƙoli su zauna suna riƙe da igiya. Injin waɗannan motoci ba ya mutuwa da wuri, in ya yi tari ka ba shi mai da ruwa ya tashi. Wanda ke shan wuya shi ne wili. Duk nauyin nan a kansa yake, duk dutsen da aka taka shi ke amsawa, kuma ba ya kuka a ji. Ranar da ya gaji, tsakiyarsa ce ke yagewa daga notinan, taya ta yi gabas, mota ta yi yamma, na ƙoli su zubo. Na ga motar da aka jawo mana bayan irin haka, kuma ni aka sa na wanke bayanta. Ba zan ce komai a kai ba.

Mai garejin Baffa Tanko ne, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni bayan rasuwar uban nawa. Asalinmu maƙera ne. Shi ya fara barin zugazugi ya koma gyaran mota, amma kunnen maƙeri bai bar shi ba. Da gari ya waye kana jin luguden mata daga gidajen bayanmu, da kukan jakan masu ruwa, da mai koko tana kiran ciniki, mu kuwa muna shara, muna cika garewani, muna tankaɗe toka a tsohon gwangwani har sai ta yi laushin gari. Iska da famfon hannu muke ba taya, kafin ka cika guda ɗaya kafaɗarka ta san ka yi aiki. Duk wannan hidima ce. Aikin gaske yana farawa ne lokacin da aka cire taya, aka kankare laka, aka zura igiya aka rataye wili tsirara a reshe, Baffa ya ɗauko wani ɗan guntun rodi da ya ɗaure wa fata a mariƙi. Da ya ɗaga shi sai ya ce, "Ku yi mana shiru." Kuma a yi shirun. Mai guduma ya aje, direbobi su yanke hira, har mai shayi ya tsai da cokalinsa a cikin kofi.

Wili mai lafiya in ka buge shi sai ya ce taaan, ya ja sautin, ya yi ta raguwa a hankali har ka rasa inda ya ƙare. Mai babbar tsaga kuwa sai ya ce kwal, ya yi gum, kamar an toshe masa baki. Wannan ko wa ya ji ya gane. Mai wuyar shi ne wanda tsagarsa ba ta wuce silin gashi ba. Zai fara taaan ɗinsa daidai, kowa ya gyaɗa kai, amma can wajen ƙarshe sai ka ji wani ɗan ziri ya shigo ciki, kamar ƙuda ya faɗa kwanon sha. Wannan zirin na yi shekaru ina nema kafin kunnena ya kama shi. Baffa ya buga, ya juya wilin, ya sake bugawa a wani gefe, ya dube ni ya ce, "Me ka ji?" In na ce ban ji komai ba, ba ya faɗa, sai ya ce in je in wanke fuska in dawo. In na yi ƙaryar na ji don in burge shi, nan ne zan sha ranƙwashi, don wani lokaci da gangan yake rataye mai lafiya. Ya kan ce, "Abin da ka ji shi za ka faɗa, ko da ni ne na ce ba haka ba."

Bayan kunne sai ido. Ka duba ramukan noti, in ka ga tsatsa ta zubo daga ɗaya ta ja layi kamar kwalli ya bi hawaye, akwai magana. In direba ya ce noti na yawan kwance masa, ko taya ɗaya kullum tana cin tiyub ba ƙaya ba ƙusa, akwai magana. Ka duba inda faifan tsakiya ya haɗu da zoben waje, ka duba leɓe inda ya taɓa dukan dutse. In kana shakka, ka jiƙa wurin da kananzir, ka bari ya sha, ka goge tas, ka barbaɗa tokar nan mai laushi, ka aje a rana ka ɗan ƙwanƙwasa. In da tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya ja baƙin zare a kan farar toka. Kuma yawancin tsagar nan mutane ne ke jawo ta: lodin da ya wuce misali, da yaran mota masu zura bututu a sifana su hau kai suna tsalle, wai suna ɗaure noti.

Akwai dokar da Baffa ya kafa, wadda duk direban da ya shigo garejinmu ya san da ita. Wilin da aka samu da tsaga ba ya fita da ransa. Kunne biyu za su ji shi, nasa da na wani, in sun yarda sai a kwantar da shi a ƙasa, a ɗora kurfi, ƙarfen nan mai baki da maƙera ke yanka ƙarfe da shi, daidai kan tsagar, a sauke guduma har sai wurin noti ya ɓalle. Daga nan sai dai ya zama murhu, masu tuyar ƙosai su ɗauka. Walda kuwa Baffa ba ya ko son jin sunanta a kan wili. Ya ce wuta tana haɗa bakin tsagar ne ta ƙona na gefenta, sai ka rufe ƙofa ɗaya ka buɗe wata inda ba ka gani. Direbobi sun yi fushi da shi, wasu sun ƙaurace, amma in za su yi tafiya da iyalinsu a mota, wurinmu suke dawowa a buga musu.

Yanzu fa? Janareto na ruri tun safe, bindigar iska na ɗaure noti har ƙarfe ya yi ƙara, yaro na aiki da waya toshe a kunne. Ko ka rataye wili ka buga, wa zai yi maka shiru? Ga shi tsofaffin motocin nan ba su ƙare ba, suna nan suna zirga-zirga a ƙauyukan bakin iyaka, sun tsufa kamar ni, ana sa musu wilin gwanjo wanda ba a san inda ya fito ba. A yi masa walda, a goge, a fesa fenti, ya fito yana ƙyalli kamar sabo. Kwanan baya na ce da wani saurayi ya cire taya in ji ƙarfen, sai ya ce, "Baba, ai na'ura ta ce daidai yake." Na'urar tasa nauyi take aunawa, ba ruwanta da tsaga. Na gaya masa, ya yi dariya ya ce in zauna a sayo mini shayi. Ban sha ba.

To, ga abin da ya faru. Na zama cikakken saurayi, Baffa ya fara barin rodin a hannuna, sai na ga wata yarinya a unguwar cikin gari, sunanta Habi, na ji duk duniya ita nake so. Ba doguwa ba ce, tana da wushirya, kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, in ka tsokane ta sai ta rama da ribi. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, yana fataucin gyaɗa da kanwa, yana da motar daji guda ɗaya da yake ji da ita. Sunansa na san shi sarai, amma har yau bakina ba ya iya kiransa, Alhaji nake cewa. Manya suka shiga magana, aka kai gaisuwa, aka ce an ba ni, saura sa rana. Daga ranar na zama suruki. In na hango shi a hanya in sauya lungu, in ba dama in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, kuma tsakanina da shi ba wata kalma sai gaisuwa. In da saƙo, a bakin wani zai bi. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai a kakar nan.

An gama girbi, aka tashi bikin yayar Habi, za a kai ta garin Babban Mutum. Alhaji ya sa aka yi wa motarsa fenti tun daga sama har ƙasa, wili huɗun nan aka shafe su fari tas, don a san 'yar wa aka kawo. Ana gobe tafiya direbansa Ɗan'azumi ya kawo ta garejinmu, ya ce tayar baya ta hagu tana yawan sakin iska, in yi mata faci. Baffa ba ya nan, ya tafi ta'aziyya Zango, zai kwana biyu can. Na cire tayar, na yi facin, kuma da yake hannu ya saba, na zura igiya na rataye wilin na buga. Fenti yana rage wa ƙarfe murya, na sani, amma can ƙarshen sautin na ji zirin nan. Na juya na sake bugawa, yana nan. Na sa wuƙa na kankare fentin tsakanin ramin noti da ramin tsakiya, na zuba kananzir, na goge, na barbaɗa toka, na aje a rana. Baƙin zare ya fito, siriri, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Na kira direban na nuna masa. Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Haba angon gobe, wannan ai sawun wuƙarka ne. Ka ɓata wa Alhaji fenti kuma kana neman dalili."

Na ce, "Yaya Ɗan'azumi, wilin nan tsagagge ne. Ka je ka gaya wa Alhaji ba zai kai Babban Mutum da lodi ba, a sauya shi."

Ya tafi, bayan azahar ya dawo yana sakace. Ya ce Alhaji ya gode, in an dawo biki sai a duba. Na ce me ka gaya masa? Ya ce, "Na ce yaron nan naka yana gaisuwa, ya ce in an sami sarari akwai ɗan abin da za a leƙa a ƙafar baya."

Na ce, "Haka na aike ka?"

Ya ce, "Kai yaro ne. Zaure cike da baƙi, in tsaya in ce surukinka ya ce motarka ba ta da lafiya? Asirinka na rufa, ka gode mini."

Ba mugunta ya yi ba, ladabi ya yi, irin wanda aka koya mana duka. Saƙo daga ƙarami zuwa babba sai an rage masa kaifi a hanya, balle daga suruki. Na wanke hannu na tafi da kaina. Na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, na durƙusa, na gaida Alhaji, na gaida baƙi. Ya ce, "Madalla, yaro. In Baffanka ya dawo ka gaishe shi." Ya juya ya ci gaba da maganarsa. Na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi ɗagawa. Wani dattijo ya yi mini alama da hannu in tashi, an gama da ni. Na dawo gareji na zauna gaban wilin ina kallonsa. Na san abin da za a ɗora wa motar nan: gadon ƙarfe, tukwane, buhunan gara, sannan gwaggwanni da ƙawayen amarya a kan kayan. Na san Habi na cikinsu, kuma na san 'yan mata baya suke zama don su ji daɗin waƙa. Na san gargadar da ke bayan Zango, wadda ko mota ba kaya sai haƙoranka sun haɗu.

Da gari ya waye, kafin direban ya iso, na kwantar da wilin a ƙasa, na ɗora kurfi a kan zaren nan, na sauke guduma. Bai yi gardama ba, ya ɓalle da sauƙin da ƙarfe mai lafiya ba ya yi. Na shiga ɗakin kayan Baffa na ɗauko wani tsohon wili baƙi ƙirin, duk tsatsa, na rataye na buga, ya ce taaan har ƙarshe. Na sa masa tayar na ɗaure. Da Ɗan'azumi ya zo ya gani, ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Inna lillahi. Ka kashe kanka." Babu lokacin fenti, mata sun riga sun fito da kaya. Haka motar ta tafi, ƙafa uku farare, ɗaya baƙa. Yara suka bi ta suna nunawa. A Babban Mutum dangin ango, da ma masu neman abin tsokana ne, suka yi ta cewa motar Alhaji da ƙafar aro ta zo, har mata suka sa abin a waƙa. Aka je lafiya, aka dawo lafiya, kuma wannan lafiyar aka mayar hujja a kaina, wai da ma ba abin da zai faru.

Baffa ya dawo ya tarar da gari ya ɗauka. Ya ɗaga wilin ya juya shi, ya nemi tsagar, babu ita, don a kanta na sara. Ya ce, "Dokar kunne biyu ce." Na ce, "Baffa, kana Zango, mota za ta tashi da hantsi, ina zan samo na biyun?" Ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "Shi ke nan." Bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya. Ya sa babbar rigarsa ya tafi ba Alhaji haƙuri, ya ce masa ya riƙe baƙin wilin, kuma zai nemo masa wani sabo. Alhaji ya ce ba wili ne damuwarsa ba. Yaron da zai ba 'ya ya sa hannu a dukiyarsa ba izini, ya sa an yi masa dariya a garin surukai. Abin da yake so shi ne in zo gaban dattawa in ce wilin lafiyarsa lau, ƙuruciya ce ta ɗebe ni. In na faɗa, an wuce wurin, a sa rana.

Kada wani ya ɗauka Alhaji mugun mutum ne. Mai kyauta ne, mai zumunci, kunya ce aka ba shi a bainar jama'a, kuma yana neman inda zai sauke ta. Da maganar ta tsaya a baki kawai, wataƙila da na duba. Amma ya sa an ɗauko wilin an kai gidansa, ya ce mai walda zai haɗa inda na sara, a shafe shi fari a mayar wa motar, kowa ya ga ba abin da ya same shi. Ɗan'azumi kuwa, da ya ga zaren nan da idonsa ko da ya musa, tsoro ya shige shi, ya ce shi ba zai tuƙa ba sai in wanda ya ce tsagagge ne ya janye maganarsa. Ka ga ke nan kalmar da ake so in faɗa ita ce za ta mayar da wilin kan hanya.

Da yamma na je zance, Habi ta fito ba kwalliya, ta tsaya jikin bango ba ta ko shimfiɗa tabarma ba. Ta ce, "Kalma ɗaya ce fa. Ka ce kuskure ka yi, Baba ya huce."

Na ce, "In na faɗa za su yi masa walda su mayar."

Ta ce, "To ba motarsa ba ce?"

Na ce, "Motarsa ce. Amma ke za ki hau, innarki za ta hau, ƙannenki za su hau."

Ta ce, "Kowa da kwanansa. Kai dai ka fi son ƙarfe da ni, ka faɗi gaskiya."

Ta sa gefen mayafi ta share ido ta shige gida. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta taɓa haɗa ni da ita.

Ranar da aka tara dattawa, na durƙusa a tsakiyar zaure, Baffa na gefena. Liman ya yi nasiha a kan girman na gaba, ya ce to yaro, faɗi abin da aka ce ka faɗa. Harshen nan da ya ƙi ɗagawa ranar da ake buƙatarsa, ranar sai ya ɗagu. Na ɗaga kai na dubi Alhaji, karo na farko tun da aka ba ni 'yarsa, na ce, "Alhaji, ka gafarce ni a kan taɓa kayanka da na yi ba izini. Amma wilin tsagagge ne." Wani ya ce wannan yaro ba shi da kunya. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya ce, "Tanko, tashi ku tafi." Kafin mako ya zagayo aka dawo mana da kayan gaisuwarmu, ko goro ɗaya ba su taɓa ba.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na rame, abinci ya fita kaina, in na buga wili sai in ji kamar a ƙirjina nake bugawa. Da damina ta wuce aka ba da Habi ga wani mai sayar da yadi a cikin gari, mutumin kirki, ban taɓa jin ya wulaƙanta ta ba. Wilin kuwa ba a yi masa waldar ba, tunda direba ya ƙi, aka jefa shi bayan gida, kuma an gaya mini a kansa aka ɗora tukunyar tuwon bikinta. Ni ma daga baya Allah ya ba ni mace ta gari, uwar 'ya'yana, ba ni da abin cewa sai godiya. Amma sunan ya bi ni. Har na yi furfura, in ana hira aka zo kan taurin kai, sai a ce kamar wane, da ya rasa mata saboda ƙarfe. Tsarana da yawa sun mutu suna ganin wauta na yi, kuma ba ni da abin da zan nuna musu, tunda da hannuna na sare shaidar.

Daminar bara Habi ta rasu, tsohuwa tukuf, a ɗakinta, bayan 'yar gajeruwar jinya. Na sa aka kai ni gaisuwa. Ƙofar gidan cike, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, ga 'ya'yanta maza a jere suna amsa gaisuwa, wasu har da furfura a gemu, ga jikoki suna ta kai ruwa da kawowa. Na zauna kusa da wani taubashina, tsoho irina, wanda tun muna samari ba ya raga mini. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Da ka sauke girman kai ran nan, da yau kai ake yi wa gaisuwa."

Na ce, "Rai na Allah ne, na sani. Amma gara in zo mata gaisuwa ina dogara sanda, da in je ɗauko gawarta ina saurayi daga hanyar Babban Mutum."

Na matsa gaban babban ɗanta na ba shi hannu, na ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ya amsa da ladabi, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ina juyawa na ji yana tambayar na kusa da shi, "Wannan Baban daga ina?" Aka ce wani tsohon bakanike ne. Na fito, hawaye ya zubo mini a kan titi, ban share ba, don na so ta, kuma ban daina ba. Amma ko yau aka sake tara dattawan Daura a zaure, aka ce za a maido mini da ita da duk shekarun nan in na ce wilin lafiyarsa lau, ba zan faɗa ba.